Teku a Cikin Gilashi: Kayan da Mai Fara Kiwon Murjani Yake Buƙata

Idan aka ce murjani, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne jan adon nan da iyayenmu mata da kakanninmu suke ɗaurawa a wuya ko a hannu ranar biki. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa na ainihin, wanda ba na roba ko na gilashi ba, ƙashin wata dabba ce ta cikin teku. Jan murjanin ado galibi daga Bahar Rum ake ciro shi. Yana da 'yan'uwa masu yawa a tekuna masu ɗumi, waɗanda ke taruwa su gina tuddai a ƙarƙashin ruwa. Mafi girman waɗannan tuddai yana gabar Ostireliya, tsawonsa ya kai kusan kilomita 2,300.

A ƙasashe irin su Jamus, Amurka da Japan, akwai mutanen da suke kiwon murjani mai rai a cikin tankin gilashi a ɗakunansu, kamar yadda wasunmu suke kiwon tattabaru ko zomaye. A wannan makon za mu duba kayan da mai farawa yake buƙata idan zai haɗa ƙaramin tankinsa na farko. Mun san ba kowa ne zai iya sayen waɗannan kaya ba. Amma duk wanda ya fahimci dalilin kowannensu ya fahimci yadda teku yake aiki, kuma ya ga darasin kimiyyar da ake rubuta masa a allo yana motsi a gabansa.

Wace irin halitta ce?

Murjani taron ƙananan dabbobi ne, kowace da baki ɗaya da 'yan hannuwa siri-siri kewaye da shi. A cikin naman yawancin masu gina tudu akwai wata gansakuka mitsitsiya wadda ido ba ya gani. Gansakukar tana amfani da hasken rana ta haɗa abinci kamar yadda ganyen bishiya yake yi, ta ba dabbar kaso mafi tsoka, ita kuma dabbar ta ba ta masauki. Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke samun abinci da mafaka.

Wurin da waɗannan dabbobi suka saba da shi ba ya saurin sauyawa. Zafin ruwan da gishirinsa na yau kusan su ne na jiya, su ne kuma na gobe. Wannan shi ne sirrin kiwon gaba ɗaya. Duk abin da za a saya yana maye gurbin wani aiki ne da teku yake yi da kansa: hasken rana, kaɗawar igiyar ruwa, tsabtace ƙazanta, da riƙe zafi a wuri guda. Don haka kafin a miƙa kuɗi a kan kowane kaya, sai a tambayi kai: wane aikin teku wannan zai yi mini? Idan babu amsa, a bar shi a shago.

Tanki: ƙarami ya fi wahala

Mai farawa yakan ɗauka cewa ɗan ƙaramin tanki ne zai fi sauƙi, tunda ya fi araha. Mu yi ɗan lissafi. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Idan ruwa ya bi iska, gishirin ba ya binsa, a tanki yake zama. A tanki mai lita 20, idan lita ɗaya ta ƙafe, gishirin da ke kowace lita zai tashi daga giram 35 zuwa kusan 37. A tanki mai lita 100 kuwa, lita ɗaya ta ƙafe, gishirin ko 35 da rabi ba zai kai ba. Haka abin yake ga zafi da ƙazanta: kofin shayi ya fi tukunya saurin hucewa.

Saboda haka masu wannan kiwo sukan shawarci mai farawa ya nemi tanki mai tsakanin lita 75 zuwa 150. Mu ɗauki misalin wanda tsawonsa santimita 60 ne, faɗinsa 40, zurfinsa 40. A ninka ukun, za a samu 96,000, wato lita 96. Da wannan tanki za mu ci gaba da misali har ƙarshe.

Akwai abu biyu da ake mantawa. Na farko nauyi: lita ɗaya ta ruwa kusan kilo ɗaya ce, don haka tankinmu da gilashinsa da duwatsunsa ya fi buhun siminti biyu nauyi. Teburin karatu mai ƙafa tana rawa ba zai ɗauke shi ba. Na biyu wuri: a ajiye shi nesa da taga, inda rana ba za ta buge shi kai tsaye ba, kuma kusa da soket amma ba a ƙarƙashin inda ruwan gishiri zai fallatsa wa wuta ba.

Ga mai farawa, an fi so a sayi irin tankin da aka keɓe masa wani lungu a bayansa, inda ake ɓoye injin ruwa da matata. Wannan yana rage haɗe-haɗen bututu, ya kuma rage wuraren da ruwa zai iya yoyo.

Ruwa da gishiri

A nan ne da yawa suke faɗuwa tun kafin tafiya ta yi nisa. Ruwan famfo yakan zo da kulorin, wanda ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan zo da narkakkun ma'adanai da ragowar takin gona. Wasu bututun ma suna sakin jan ƙarfe a cikin ruwa, shi kuwa jan ƙarfe ko ɗan kaɗan ne guba ne ga murjani, jatan lande da katantanwar teku. Ruwan da yake da kyau ga cikinmu yana iya zama ajalin abin da ke cikin tanki.

Don haka kayan farko da ya kamata a tanada shi ne matatar da ke tura ruwa ta cikin wata fata mai ƙofofi mitsi-mitsi, sannan ta bi da shi ta cikin wasu ƙwayoyi masu kama ragowar ma'adanai. A kasuwa ana rubuta mata RO/DI. Tare da ita ana sayen ɗan ma'auni mai kama da alƙalami da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Abin da ake so ya nuna shi ne sifiri.

Gishirin miya ba ya wannan aiki. Ban da sinadarin da ke cikin gishirin girki, ruwan teku yana ɗauke da maganiziyam, kalsiyam, fotashiyam da wasu da dama, kuma da su murjani yake gina jikinsa. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don tankin murjani. Tankinmu mai lita 96 zai ci fiye da kilo uku a cikawar farko. A bokiti mai tsabta ake dama shi, a bar shi ya narke sarai kafin a zuba, kuma bokitin da bai taɓa ganin omo ko maganin sauro ba.

Ba a auna gishiri da harshe. Ana amfani da wani ɗan madubi mai kama da guntun bututu, rifraktomita, a ɗiga masa ruwa a ɗaga shi wajen haske a leƙa. Lambar da ake nema ita ce 35, ko 1.026 a ɗaya ma'aunin da ke gefensa. Akwai ma'aunin roba mai allura wanda ya fi araha, amma kumfa kaɗan ta maƙale masa sai ya yi ƙarya.

Ga wata ƙa'ida da ya kamata a haddace: idan ruwa ya ragu saboda ƙafewa, da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, kuma kullum. Wanda ya cika da ruwan gishiri yana ƙara gishiri ne a kan gishiri.

Haske: abincin murjani

Tunda gansakukar da ke jikin murjani da haske take girki, fitila a nan tukunyar abinci ce. Kwan fitilar ɗaki ba zai wadatar ba. A cikin teku, ruwa yana shanye jan haske a 'yan mitocin farko, shuɗi kuwa yana ratsawa can ƙasa, shi ya sa murjani ya saba da shuɗin haske. Fitilar LED da aka yi don tankin murjani tana ba da shuɗi mai yawa da ɗan fari, ba ta cin wuta sosai, ba ta kuma dafa ruwa kamar manyan fitilun da aka yi yayi a da.

A zaɓi wadda ake iya rage mata ƙarfi, domin haske mai yawa farat ɗaya yana ƙona sabon murjani kamar yadda ƙarancinsa yake sa shi yunwa. A haɗa ta da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, sa'a takwas zuwa goma a rana, a lokaci guda kullum. Ba sai an sayi mafi tsada ba. Nau'in murjanin da ya dace da mai farawa matsakaicin haske yake so.

Motsin ruwa

Murjani a manne yake wuri ɗaya har ya mutu. Ba ya zuwa neman abinci, ba ya iya matsawa daga ƙazantarsa. Igiyar ruwa ce take kawo masa iskar oksijin da abinci, ta kuma share masa jiki. A tanki, ɗan injin farfela da ake mannawa a jikin gilashi ne yake wannan aiki. Ga murjani mai laushi, ana so injin ya juya ruwan tanki sau goma zuwa ashirin a sa'a guda. A tankinmu ke nan sai a nemi mai tura lita 1,000 zuwa 2,000 a sa'a, kuma akan rubuta wannan lamba a jikin kwali.

Kada a saita bakinsa kai tsaye a kan dabbar. A juya shi wajen gilashi ko wajen saman ruwa, yadda ruwan zai riƙa kaɗawa ta ko'ina. Saman ruwan ya riƙa rawa, domin ta nan iska take shiga.

Zafi: inda tamu matsalar ta bambanta

Murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya wuce abin da ya saba da shi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe haka na makonni, sai ya kori gansakukar da ke jikinsa, ya koma fari fat. Idan ruwan bai huce da wuri ba, yunwa ta kashe shi. Wannan ne ya faru a tekunan duniya a 1998, ya kuma sake faruwa a babban tudun Ostireliya a 2016 da 2017, inda murjani mai ɗimbin yawa ya mutu.

Littattafan kiwon da aka rubuta a ƙasashen sanyi hita suke fara ambata, kimanin wat ɗaya ga kowace lita. Wanda yake zaune a Kano, Sakkwato ko Damagaram zai buƙace ta a daren hunturu. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, abin da zai hana shi barci shi ne yadda zai sanyaya ruwan. 'Yar fanka da ke hura saman tanki tana rage zafi kaɗan, ta hanyar da randa take sanyaya ruwan sha: ruwan da ya bi iska yana tafiya da zafi. Sai dai hakan yana ƙara ƙafewa, kuma a tsananin bazara ba ya isa. Dole sai na'urar sanyaya ruwan tanki, ko ɗaki mai na'urar sanyaya iska dare da rana. Ma'aunin zafi kuwa shi ne mafi arha a cikin kayan nan duka, kuma shi ne za a fi yawan dubawa.

Dutse da ma'aikatan da ba a gani

Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce. A cikin teku akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Waɗannan bakteriya suna buƙatar wurin zama, kuma mafi kyawun masaukinsu shi ne dutse mai ramuka kamar soso. Shi ne babbar matatar tanki. Tun a shekarun 1970 masu kiwo a birnin Balin na Jamus suka shahara da dogaro da irin wannan dutse tare da haske mai ƙarfi, har yau kuma ana kiran tsarin da sunan birnin.

A da daga cikin teku ake fasa dutsen a kawo, abin da ke ɓarnata tuddai. Yanzu akwai busasshen dutse da ake haƙowa a tudu, da wanda ake ƙerawa a masana'anta, kuma su muke ba da shawarar a nema. Dutsen da aka tsinta a bakin hanya yana iya ɗauke da ƙarfe, kada a kusanto da shi.

Bayan an jera dutse an cika ruwa, sai a jira. Bakteriya sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. A nan ake buƙatar kayan gwaji: 'yan kwalabe da ake ɗigawa a samfurin ruwa, launi ya sauya, a gwada shi da jadawali. Na farko-farko su ne na amoniya, naitirait da naitiret. Sai amoniya da naitirait sun sauka sifiri ake sa abu mai rai. Daga baya a ƙara da na kalsiyam, wanda ake so ya zauna tsakanin 400 da 450, da na ƙarfin ruwa wajen danne tsami. Gaggawa a wannan mataki ita ta fi kashe dabbobin masu farawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za a iya bari sai gaba

Mai shago zai nuna na'urar da ke kaɗa kumfa ta kwashe ƙazanta, da injin ɗiga sinadarai, da kwamfutar da ke lura da tanki ta aika saƙo a waya. Duk suna da amfani, amma ƙaramin tanki mai dabbobi kaɗan zai rayu ba tare da su ba, muddin ana canza kashi goma cikin ɗari na ruwansa kowane mako. A tankinmu lita goma ke nan, ƙasa da rabin jarka. Kuɗin da za a kashe a kansu gara a adana shi don abin da ke tafe.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Fitila za ta iya mutuwa kwana ɗaya ko biyu ba a yi asara ba. Injin ruwa kuwa idan ya tsaya, iskar oksijin tana ƙarewa cikin sa'o'i, musamman idan ruwan ya yi ɗumi, kifi su fara haki a sama, bakteriyar da aka yi makonni ana jira su fara mutuwa. A inda ake ɗauke wuta a kai a kai, inbata da batir, ko sola, suna gaba da tankin kansa a jerin sayayya. A kuma ajiye ɗan injin hura iska mai aiki da batir don ko-ta-kwana. Mu faɗa muku gaskiya: wanda ba zai iya tabbatar da wuta sa'a 24 da ruwa mai sanyi a bazara ba, kada ya sayi murjani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rai ne za a ɗauko daga nesa, ba fulawar roba ba.

Mai rai shi ne na ƙarshe

Bayan komai ya daidaita, sai a fara da murjani mai laushi, irin mai kama da laimar kwaɗi da mai kama da fata, domin sun fi jure kuskure. Masu rassa da ƙashi mai tauri sai hannu ya faɗa. A sa safar hannu da tabarau idan za a taɓa su, domin wasu masu kama da maɓallan riga suna ɗauke da guba mai haɗari ga mutum, kuma kada a taɓa wanke dutsen tanki da tafasasshen ruwa, don tururin yana iya ɗauko gubar.

Kifi biyu sun ishi tankinmu. Kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna, ya dace da ƙaramin tanki, kuma ana ƙyanƙyasarsa a gidajen kiwo. Shuɗiyar ƙawarsa ta cikin fim ɗin kuwa tana girma sosai, tana buƙatar tanki mai ɗaruruwan litoci.

A tambayi mai sayarwa daga ina kayansa suka fito. A wasu sassan Indonesiya da Filifin an daɗe ana fama da masu fesa guba a ruwa don su sumar da kifin ado su kama, gubar kuma ta kashe murjanin da ke wurin. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya da Nijar duk suka shiga, don haka ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini. Mafi alheri shi ne ɓallin da aka yanko daga wanda ya girma a wani tankin, kamar yadda ake dasa reshen rogo.

Daga ina za mu fara?

Gabar tekun Najeriya ba ta da irin waɗannan tuddai, domin Kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo laka da ruwa marar gishiri, murjani kuwa garai-garai yake son ruwansa. Amma 'yan'uwanmu Hausawan da ke zaune a Fot Sudan maƙwabtansa ne. Tudun Sanganeb yana cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 25 daga gabar Sudan, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016. Tekun da kakanninmu mahajjata suka tsallaka a jirgin ruwa zuwa Jidda, a ƙarƙashinsa akwai ɗaya daga cikin mafi kyawun dazukan murjani a duniya.

Ga wanda abin ya shiga ransa, ga shawararmu. Ku yi magana da malamin kimiyyar halittu, ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta haɗa tankin ruwa marar gishiri da 'yan ƙananan kifaye. Ku sayi ma'aunin zafi da littafin rubutu. Ku riƙa rubuta zafin ruwa safe da yamma, da yawan abin da ya ƙafe, da ranar da aka canza ruwa. Ku raba aikin hutu tun kafin a tashi, don kifi bai san an yi hutu ba. Idan zangon karatu uku suka wuce kifayenku suna nan da rai, kun mallaki abin da ba a sayarwa a shagon kayan tanki, kuma shi ne murjani zai fara nema a wurinku ranar da kuka haɗu.